Gilashin gaban motata ya tsage, in cire shi in ci gaba da aiki?

Zuwa ga Injiniya: Ni direba ne a Fassi, ƙaramar hukumar Kibiya. Golf nake ja, ina ɗaukar fasinja zuwa Kibiya da Rano, wani lokaci har cikin Kano. Makon jiya wata tifa ta watso min tsakuwa bayan na wuce Bunkure, gilashin gaba ya tsage daga gefen direba har tsakiya, kuma kullum tsagar ƙaruwa take. Kuɗin sabo ba ni da su sai kaka ta yi na sayar da masara. Wani abokina ya nuna min bidiyo a waya, motocin Turawa masu gudun tsiya, ba rufi, ko gilashin gaba babu. Ya ce masu kuɗi ma haka suke hawa, in cire nawa kawai in sa baƙin tabarau. Shin zan iya lallaɓawa haka na wata biyu?

Ƙanena, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar maka da alheri. Kada ka cire gilashin nan ka hau titi, ko da daga Fassi zuwa Kibiya ne. Tsagaggen gilashin da ke jikin motarka yanzu ya fi babu nesa ba kusa ba, duk da cewa shi ma bai kamata ya kai kaka a wurin ba.

Abokinka bai yi ƙarya ba, motocin akwai su. A 2018 kamfanin Ferrari na Italiya ya fito da Monza SP1 mai kujera ɗaya da SP2 mai kujera biyu, duka ba rufi ba gilashin gaba, guda 499 kacal. A 2019 McLaren na Ingila ya biyo baya da Elva. Tun kafin su, a 2009, Mercedes ya ƙera SLR Stirling Moss guda 75. Kowace ɗaya daga cikin Monza da Elva kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya da rabi. Mai irin wannan mota yana da wasu motocin a gida. Yana fito da ita ne ranar da gari ya yi wasai, ya zaga kan kwalta mai santsi ko filin tsere na awa ɗaya, ya mayar da ita gareji a lulluɓe. Ba ya ɗaukar tsohuwa da jikanta zuwa asibiti, ba ya bin bayan tifa.

Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne irin wahalar da injiniyoyi suka sha don su maye gurbin gilashin da suka cire. A Elva, iska tana shiga ta hancin motar, a murɗa ta ta fito ta saman bonet da ƙarfi tana yin sama, ga kuma wani ɗan faifai da ke ɗagowa da kansa idan gudu ya ƙaru, duk don iskar ta tsallake kan direba. Ferrari ma ya yi tasa dabarar a gaban sitiyari. To amma labulen iska ba ya tare dutse, shi ya sa za ka ga masu tuƙa su da gudu sanye da hular kwano mai rufe fuska. Kuma ka san yadda ta kaya da Elva? Da farko an ce za a ƙera 399, aka yi ta ragewa har ta dawo 149, sannan a 2021 kamfanin ya fito da wadda ke da gilashin gaba, saboda dokar wasu jihohin Amurka da kuma masu saye da suka fi son haka. Su da suka ƙera motar don a yaba rashin gilashinta, sun dawo sun sa mata.

Ko hular kwanon ma tana da iyaka. A watan Yulin 2009, a filin tseren motocin Formula 1 na ƙasar Hangari, wani sifirin da nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba ya ɓalle daga motar Rubens Barrichello, ya daki hular wani direban, Felipe Massa, a saman idonsa na hagu. Ƙashin kansa ya fashe, aka yi masa aiki, bai sake tsere ba a shekarar. Hular da ke kansa tana cikin mafi ƙarfi a duniya a lokacin. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa daga 2018 aka wajabta wa motocin Formula 1 wani ƙarfen kariya da ke zagaye kan direba. Yanzu ka auna baƙin tabarau na kasuwa da wannan.

Mu dawo hanyarmu. Gobe da safe, kafin ka wanke motar, ka tsaya ka dubi gilashin da kyau ta inda rana ke haska shi. Shafa shi da ɗan yatsa. Za ka ji ƙananan ramuka kamar zanzana, dubbai, waɗanda yashi da tsakuwa suka yi ta sara shekara da shekaru. Ka dubi tabon ƙwarin da suka fashe a kansa daga tafiyar magariba ɗaya, musamman in ka ratsa ta wajen gonakin shinkafa na Bunkure da Kura a irin wannan lokaci na damina: wani rawaya, wani kore, wani da fiffikensa a manne. Duk tabon da ka ƙirga, da fuskarka zai sauka. Dutsen da ya tsaga gilashin makon jiya kuwa, ka duba inda ya bugi gilashin, ka zauna a kujerarka ka ga da wane sashe na jikinka yake saiti.

Akwai ɗan lissafi da nake so kowane direba ya riƙe. Idan kana gudun kilomita 80 a awa, a kowace daƙiƙa motarka tana cin mita 22. Ƙwaro ya faɗa maka ido, ka runtse, ka kai hannu ka murza, daƙiƙa biyu sun tafi: mita 44 ka yi a makance, da mutum shida ko bakwai a cikin mota, ga mai babur a gefe, ga shanu suna tsallakawa. Ƙarfin iskar da ke dukan fuska kuma ba ya tafiya daidai da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfinta ninkawa yake sau huɗu. Abin da kake ji kamar iska mai daɗi a gudun 40, a 80 hawaye zai sa ka ka kasa buɗe ido. Ruwan sama a wannan gudu kamar ana watsa maka tsakuwa ne, waifa kuma ba ta da abin sharewa. Ban ma zo kan hazo da ƙurar hunturu ba.

Sannan Golf ɗinka da gilashin aka ƙera ta. A motocin zamanin nan, manna gilashin gaba ake yi a jikin bodi da gam mai ƙarfi, ya zama yana cikin abin da ke tallafe rufin. In mota ta kife, yana taimakawa wajen hana rufin lotsewa a kan mutane, yana kuma hana na gaba cillowa waje. A motoci da yawa jakar iskar da ke gefen fasinja da gilashin take jingina in ta buɗe. Waɗancan motocin na bidiyo an gina musu wata kariyar a bayan kan direba tun daga masana'anta. Taka in ka cire gilashin, rami kawai ka bari. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ma ta sa tuƙi ba gilashin gaba, ko da wanda ya ragargaje, cikin laifuffukan da take cin tara a kansu, kuma kafin ka shiga Kano za ka haɗu da su ko 'yan KAROTA masu kula da titunan jihar.

Dalilin da ya sa naka ya tsage bai zube ba shi ne gilashi biyu ne aka haɗa, da wata siririyar roba a tsakani mai riƙe su. Wani Bafaranshe, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Gilashin ƙofa daban ne, shi in ya fashe zubewa yake kamar gishiri. Wannan bambanci ka riƙe shi, zai yi maka amfani a kasuwa.

Da a ce ɗan tabo ne kamar girman kwabo, kuma ba a saitin idonka ba, da na ce ka manna masa farin salatif don kada ƙura da ruwa su shiga, ka kai a cike shi da gam ɗin gilashi. Tsagar da ta taso daga gefe ta kai tsakiya ta wuce gyara, sai canji. Kafin ka samu kuɗin, ka daina tuƙin dare gaba ɗaya, domin tsagar tana tarwatsa hasken fitilar mai zuwa ta kashe maka ido. Ka rage gudu sosai, ka bi ramuka a hankali, ka daina buga ƙofa da ƙarfi alhali tagogi suna rufe. Kada ka watsa wa gilashin ruwan sanyi bayan ya sha rana, wannan shi ke sa tsaga ta ruga. In ka hango tifa ko tirela a gabanka, ba ta tazara mai yawa. Zuwa Kano kuma ka haƙura da shi tukuna.

Wata biyu ya yi yawa, ƙanena. Na san halin da ake ciki, na san kuɗin mai kaɗai ya ishi direba. Amma ba lallai sai sabo dal ba. A Ƙofar Ruwa ana samun na hannu da aka ciro daga motocin da aka kwance, kuma na Golf ba ya wuyar samu. Ka je da kanka ko ka tura wanda ka yarda da idonsa. A ɗaga shi a hasken rana a duba karce, musamman inda waifa ke bi, a duba gefunan ko akwai ɓantara ko wurin da ya yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga tsakanin gilasan biyu. A leƙa kaurinsa ta gefe, za a ga layin robar nan a tsakiya. In babu ita, a bar shi komai arharsa. A kusurwar ƙasa akwai tambarin masana'anta, da yawansu za ka ga an rubuta AS1, alamar an yi shi ne don gaban mota. Wani abin da ke ɓata min rai shi ne masu yanko gilashin taga na gida ko faifan roba su liƙa. Na gida in ya fashe wuƙaƙe yake zama, robar kuma cikin 'yan makonni za ta karce ta yi dishi-dishi. Leda kuwa ba a ma maganarta.

Wajen sawa ma ka tsaya a kai. Mai gilashin ya kankare tsohon gam, in akwai tsatsa a bakin bodin a goge a shafa fenti, ya yi amfani da gam ɗin gilashin mota na ainihi, ba silikon na banɗaki ba. Ka tambaye shi awa nawa gam ɗin ke buƙata ya kama, ka bar motar ta huta har lokacin ya cika, ko da za ka rasa lodin yinin.

Batun kuɗi, ka sami shugabannin tasharku ka faɗa musu gaskiya, in akwai asusun taimako ko adashi a ba ka ɗauka ta gaba. Ko ka ranta a wurin ɗan'uwa a kan masarar da ke gona. In duk bai yiwu ba, ka ajiye motar ka karɓi ta wani kana yi masa kamasho na 'yan kwanaki. Mutanen da ke shiga motarka a Fassi maƙwabtanka ne da iyayen abokanka, amanar kansu suka ba ka. Don Allah cikin makon nan ka canza gilashin, kuma ka nuna wa abokin naka wannan amsa.