Jiri da Amai a Kan Ruwa: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Shiga Kwalekwale

Duk ɗalibin da ya taɓa zuwa madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Karaye, ko don yawon buɗe ido na 'yan aji ko don aikin furojet, ya san yadda abin ke farawa. A bakin ruwa kowa jarumi ne, ana ta ɗaukar hoto. Da kwalekwale ya yi nisa da gaɓa, iska ta ɗan taso, sai ka ga mai surutun nan ya yi tsit, gumi mai sanyi na keto masa, yawu ya cika masa baki, yana ta hamma. Minti kaɗan sai amai. Wasu su ce tsoro ne, wasu su ce ai mutanen ruwa ne suka taɓa shi. Ba ko ɗaya. Kuma 'yan Karaye da Rogo da ke cikinmu, waɗanda fito ya zame musu hanyar zuwa kasuwa da gona, za su gaya maka har manya yana kamawa.

Abin daga kunne yake. Can cikin kunnenka akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi. Aikinsu shi ne gaya wa ƙwaƙwalwa ko kana tsaye, ko ka karkata, ko kana tafiya. Ido ma yana kai nasa rahoton. A kan ƙasa bakinsu ɗaya. A cikin jirgi kuwa, idan ka sunkuya kana kallon wayarka ko ƙasan kwalekwalen, ido zai ce komai a tsaye yake, kunne kuma ya ce ƙarya ne, ana lilo da mu. Wannan saɓanin shi ke jawo jiri da tashin zuciya. Shi ne dai abin da ke kama wasu a bayan mota idan suna karatu a hanyar Gwarzo.

Akwai hujja mai ban sha'awa a kan haka. Daga ƙarshen shekarun 1950 hukumar NASA ta Amurka ta yi gwaje-gwaje da wasu kurame su 11 daga kwalejin Gallaudet, waɗanda cuta ta lalata wa wannan sashe na kunne. An taɓa ɗora su a jirgin ruwa a tekun Nova Scotia cikin mummunar igiya. Masu binciken da kansu suka kwanta da amai, su kuwa kuraman suna zaune suna buga kati. Wato wanda ke amai a jirgi kunnensa ne ke aiki da kyau. Charles Darwin ma ya shekara biyar a jirgin Beagle, daga 1831 zuwa 1836, jiri bai taɓa rabuwa da shi ba. Kakanninmu da suka je Makka ta ƙasa, suka tsallake Bahar Maliya daga Sudan zuwa Jidda, su ma sun ɗanɗana.

To, me za ka yi? Dabarar duka ita ce ka sulhunta ido da kunne. Ka ɗaga kai ka kafa ido a kan abin da ba ya motsi, can nesa: bishiya a ɗaya gaɓar, tudu, ko inda ruwa ya haɗu da sama. Wayar nan a mayar da ita aljihu, hoton ya jira. Ka zauna a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, kana fuskantar inda aka dosa, domin goshi da baya sun fi tsalle. Idan jirgi mai inji ne, ka nisanci hayaƙin fetur. Kada ka yi ta juya kai. In abin ya fi ƙarfinka, rufe ido ka jingina kanka, ka riƙa jan numfashi a hankali.

Maganar ciki kuma, mutane suna kuskure ta fuska biyu. Wani ya loda waina da miya da soyayyen nama kafin a tashi, wani ya ƙi cin komai wai don kada ya samu abin amayarwa. Duka biyun wahala ce. Ɗan abu mara maiko ya wadatar, kamar koko ko burodi, da ruwa kaɗan-kaɗan. Citta tana taimaka wa wasu, ko a tauna ko a shayi, kuma ba ta da tsada. Magunguna irin su Stugeron da Avomine suna aiki, amma sai an sha su tun kafin a shiga ruwa, Stugeron kamar awa biyu kafin tafiya. Wanda ya bari sai zuciya ta fara tashi, ya makara. Suna kuma sa barci, don haka mai tuƙa babur ya koma gida ya yi hattara. A tambayi ma'aikacin lafiya tukuna, musamman mai juna biyu ko mai shan wani magani.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. A babban jirgin teku, jiri wahala ce kawai, bayan kwana biyu ko uku jiki ya saba. A kwalekwale kuwa yana iya zama sanadin mutuwa. Wanda amai ya taso wa, abu na farko da yake yi shi ne ya zabura ya leƙa gefe. Abokai biyu su taso su riƙe shi. Nauyi ya koma ɓangare ɗaya, igiya ta bugo, shi ke nan. Saboda haka ka shiga da leda a hannu, ka yi amanka a zaune inda kake. Kunya ce ta minti biyar. Na kusa da shi ya dafa shi daga mazauninsa, kada kowa ya miƙe.

Kada kuma a raina ruwan dam. Challawa, wadda aka kammala a 1992, bangonta kaɗai ya kusa kilomita 8, kuma iyakar faɗin da iska ta samu tana gudu a kan ruwa, iyakar girman igiyar da za ta tayar. Da damina hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci, galibi da yamma, iska na riga ruwan sama isowa. Shi ya sa fita da safe ta fi. Idan igiya ta same ku a tsakiya, za ka ga mai fito yana juya goshin jirgi yana tarar ta, ba ya yarda ta buge shi a gefe. Ba ɓata hanya ya yi ba, ku ƙyale shi da aikinsa. In masunci ko sarkin ruwa ya ce yau ba a shiga, a haƙura, ko da an riga an biya kuɗin mota.

Ba mu manta da Bagwai ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari, tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya, kuma lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. Don haka duk wakilin aji da ke shirya tafiya Challawa, kafin ya tara kuɗin rigar ƙungiya, ya fara tambayar rigunan kariya nawa ke akwai, mutum nawa jirgin ke ɗauka, kuma su wa ba su iya iyo ba. Idan ku talatin ne jirgi na goma, sawu uku za a yi.