Yadda Ake Cewa "Ni Ma" da Turanci

A nahawu ana raba jimla gida biyu. Akwai mai tabbatarwa, wadda ke nuna abu ya auku, kamar "Na je kasuwa". Akwai kuma korarriya, wadda ke nuna bai auku ba, kamar "Ban je kasuwa ba". Idan Bahaushe zai bi bayan mai magana, kalmar "ma" kaɗai ta ishe shi a kowane hali: "Ni ma na je", "Ni ma ban je ba". Turanci kuwa kalmomi huɗu ya tanada don wannan aiki, biyu na tabbatarwa, biyu na korewa. Daga nan ɗalibanmu suke fara tuntuɓe, domin kunnensu ya saba da kalma guda.

Mu fara da tabbatarwa. Idan abokinka ya ce "I like tea", kana iya cewa "I like tea too" ko "So do I". Ka lura da mazauninsu: "too" ƙarshen jimla take zama, "so" kuwa a farko, kuma idan ta zo farko sai mataimakin aikatau ya riga wakilin suna. Shi ya sa "do" ta gabaci "I".

Amma ina aka samo "do", alhali abokin naka bai faɗe ta ba? Ƙa'idar ita ce a duba jimlarsa. In akwai mataimakin aikatau kamar "can" ko "will", ko kuma aikatau irin su "am" da "was", da shi ake amsawa: "I can swim", amsa "So can I". In babu, sai a aro "do", ko "did" idan lokacin ya shuɗe: "I went home", amsa "So did I".

Korewa ce ke buƙatar natsuwa. Madadin "too" shi ne "either", madadin "so" shi ne "neither", kuma kowacce a mazaunin takwararta take zama. Wanda ya ce "I don't eat pepper", amsarsa "I don't either" ko "Neither do I". Bambancinsu yana da muhimmanci ƙwarai. "Either" ba ta ɗauke da korewa, dole a haɗa ta da kalmar korewa kamar "not". "Neither" kuwa korewarta na cikinta, don haka "Neither don't I" kuskure ne, an kore sau biyu ke nan.

Na taɓa jin wata yarinya a aji ta ce "I didn't bring my book", ta kusa da ita ta yi caraf ta ce "Me too". Na fahimce ta sarai, da Hausa ta yi tunani. A hira ta yau da kullum "Me neither" ya dace ta ce, a takardar jarrabawar WAEC ko NECO kuwa "Neither did I".

Saura tarko guda, kuma shi na fi so ku kiyaye. Wasu kalmomi suna kore jimla ba tare da "not" ta bayyana ba, irin su "never", "hardly" da "seldom". Jimlar "She never comes late" korarriya ce duk da ba a ga "not" ba. Saboda haka idan Musa ma ba ya makara, sai a ce "Neither does Musa", da "does" domin mutum ɗaya ake magana a kansa.