Tsakanin Ƙarfin Gwiwa da Ji-ji-da-kai

Ƙarfin gwiwa shi ne nutsuwar da mutum ke samu idan ya san abin da zai yi bai fi ƙarfinsa ba, ko yana da mai mara masa baya. Shi ya sa ake cewa an ƙarfafa wa wane gwiwa, ko gwiwarsa ta yi sanyi. Ƙarfin hali kuwa ana yin sa ne ko da zuciya na ɗar-ɗar, kuma kalmar kan ɗauki zargi, kamar yadda ake cewa ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Dogaro da kai ya fi shafar sana'a da neman na kai.

Mai neman aiki ko mai magana a gaban manya ƙarfin gwiwa yake bukata. Ya gaisa da ladabi, ya faɗi abin da ya iya ba tare da ƙari ba, inda bai sani ba ya ce bai sani ba. Kunya da kawaici ba sa hana wannan. Ji-ji-da-kai da fankama ne ke ɓata shi, wato mutum ya riƙa ɗaga kansa ta hanyar rena wasu.

A rubutu kuma, kada a sa alfahari a gurbin ƙarfin gwiwa, domin alfahari yakan zo da ƙanshin taƙama.