Wasiƙa ga Masu Son Aikin Walwala a Asibiti

Ƙannena na Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi,

Tun da Shugaba Tinubu ya amince a 2025 cewa Asibitin Tunawa da Patrick Yakowa da ke Kafanchan ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya, zancen ɗaukar ma'aikata ya cika gari. Hankalin kowa yana kan likita da nas. Ba kasafai ake tuna ofishin walwala ba, inda ake kai maganar wanda aka sallama ya rasa kuɗin biya, da tsohon da dangi suka kwantar suka sulale, da yarinyar da aka ci zarafinta aka kawo Cibiyar Salama mai kula da irinta. Ku da kuka karanta ilimin zamantakewa ko na halayyar ɗan Adam, kuke son ƙaro digiri na biyu don shiga wannan ofis, da ku nake.

Kafin ku tambayi kuɗin makaranta, ku fara da wannan: wane asibiti za a tura mu koyon aiki, wata nawa, kuma wa zai sa mana ido? In aka ce ku nemo wa kanku wuri ku kawo takarda da hatimi, ku kama gabanku. Akwai kwasa-kwasan ƙarshen mako da ke ba mutum shaida bai taɓa zama da mai jinya ba. Irinsu na iya taimakon ma'aikacin da ke jiran ƙarin girma, amma ba za su koya muku yadda ake gaya wa magidanci cewa matarsa na buƙatar wankin ƙoda ba, alhali cutar da ta cinye citta a 2023 ta riga ta cinye ajiyarsa. Wannan sai a gefen gado, bayan wani ƙwararre. Gani ya kori ji.

Wuraren koyon ba su yi mana nisa ba. Ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ga na Barau Dikko da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ga na Jami'ar Jos. Da ni ne, zan nace a kan Barnawa ko da na wata biyu ne. Yankinmu ya sha hare-hare, kuma wanda ya tsere daga ƙauyensa cikin dare ba raunin jiki kaɗai yake kawowa asibiti ba.

Sai maganar takarda. A Disamban 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a, don haka ku tabbatar sunan kwas ɗin aikin walwalar jama'a ne, ba wani abu mai kama da shi ba, kuma hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da shi. Jami'o'in Nsukka da Ibadan sun daɗe suna koyar da shi. Wanda digirinsa na farko na wani fanni ne, mai yiwuwa a ce ya fara da difloma ta bayan digiri; kada ya ɗauke ta ɓata lokaci.

Akwai tarkon da ya tsufa tare da aikin. A 1895 asibitin Royal Free na Landan ya ɗauki Mary Stewart musamman don ta tantance wa ke iya biya, wa ba ya iyawa. Har yau wasu shugabannin asibiti iyakar abin da suke so daga jami'in walwala ke nan. Ku duba manhajar da kyau: in babu darasin ba da shawara, da kare haƙƙin yara, da yadda inshorar lafiya irin KADCHMA ke aiki, za ku ƙare kuna bin bashi da sunan taimako.

Kada kuma ku raina harshen gida. Tsohuwa daga Zangon Kataf za ta gaisa da likita da Hausa, amma abin da ya hana ta shan magani sai da Tyap za ta faɗa. Mai jin Jju ko Fulatanci ya rubuta hakan a takardar neman gurbi.

Kafin ku sayi fom, ku je ofishin walwala na asibiti mafi kusa, ku gaida wanda kuka tarar, ku tambaye shi inda ya yi karatu da abin da ya same shi a makon farko na aiki. Ku nemi kuma ya haɗa ku da ƙungiyarsu, AMSWON.

Ku gaida mutanen gida.

Yayanku.