Wanda Ya Saci Abin Da Makaranta Ta Hana, Ɓarawo Ne?

Ko wace makarantar kwana tana da jerin abubuwan da ta hana yara su shigo da su. Wasu sun hana taba da karta, wasu rediyo da abin dafa ruwa na lantarki, da yawa kuwa sun hana wayar hannu. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara ya san hani ba ya hana shigowa, sai dai ya sa a ɓoye. To, idan yaro ya ɓoye waya a ƙasan akwatinsa, wani ya lallaɓo da dare ya ɗauke, mene ne sunan abin da na biyun ya yi? Yara da yawa su kan ce ba sata ba ce, tun da dai mai abin ba shi da izinin riƙe shi tun farko. Har cikin manya akwai masu wannan zato. Mu da mu ke shirin zama malamai ya kamata mu san amsar tun kafin ranar da za a kawo mana yara biyu, ɗaya yana kuka, ɗaya yana murmushi.

Tushen ruɗun shi ne an haɗa abu biyu an mai da su ɗaya, watau izinin kawo abu wani wuri, da mallakar abin. Dokar makaranta tana da iko a kan na farko. Na biyun ya fi ƙarfinta. Wayar da uba ya saya wa ɗansa a kasuwa da kuɗin guminsa tasa ce a gida, tasa ce a hanya, ba ta kuwa zama tsintuwa don ta ƙetare ƙofar makaranta. Masallaci ma ya hana a shiga da takalmi, amma ba mu taɓa jin wanda ya ce takalmin da aka shiga da shi ya halatta ga mai ɗauka ba.

Bari mu duba abin da malaman fiƙihu su ka faɗa, gama sun riga mu tunani a kan wannan da ɗaruruwan shekaru. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, an bayyana cewa haddin sata ba ya hawa kan mutum sai abin da ya sata ya kai rubu'in dinari na zinariya ko dirhami 3 na azurfa, kuma sai ya fitar da shi daga ma'ajinsa. An kuma ce wanda ya yi sata a ɗakin da aka ba shi izinin shiga ba a yanke masa hannu. Saboda haka satar da abokin ɗaki ya yi wa abokin ɗakinsa ba ta ko kusanci haddi ba, balle ma idan yaro ne wanda bai balaga ba. A nan ne masu gajeren karatu su ke tuntuɓe. Da sun ji an ce babu haddi sai su ɗauka an ce babu laifi. Ba haka ba ne. Faɗuwar haddi ba ta kankare zunubi, ba ta hana alƙali yin horo gwargwadon ganinsa, ba ta kuma ɗauke biya. Risala ta ma tsananta a nan: satar da ba a yi haddi a kanta ba, ana bin ɓarawon bashinta ko da ba shi da ko anini, sai ran da ya samu ya biya.

Muhtasar na Shaihu Halil ya matso kusa da tambayarmu ƙwarai, domin ya yi magana a kan satar abubuwan da shari'a kanta ba ta yarda da su ba. Ya kawo giya, da kare, da wani abin kiɗa mai tsirkiya mai kama da molo. Giya babu haddi a kanta, don ba dukiya ba ce ga Musulmi. Duk da haka a mazhabar Imamu Malik, idan giyar ta wanda ba Musulmi ba ce, mai zaman amana, wanda ya ɓarnatar da ita sai ya biya shi kimarta. Kare ma babu haddi, amma wanda ya kashe karen da aka yarda a ajiye, kamar na farauta ko na gadin dabbobi, sai ya biya. Na abin kiɗan shi ya fi ba mu sha'awa. Cewa aka yi a ƙaddara an farfasa shi, a kimanta itacen da ya rage. In itacen ya kai nisabi, hukunci ya tabbata. Dubi wannan zurfin tunani! Malaman nan sun ƙi kiɗan, amma ba su ƙwace wa mai molon itacensa ba.

To, idan haka a ka yi wa abin da shari'a ta ƙi, ina ga abin da shari'a ta halatta, shugaban makaranta kaɗai ya hana? Waya da rediyo da goro ana saye ana sayarwa a ko wace kasuwa, liman da alƙali duk suna riƙe da su. Dukiya ce cikakkiya, mai alfarma.

Dokar gwamnati ma wannan hanya ta bi. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda a ka yi a 1959 ta fara aiki a 1960, ta bayyana sata a sashe na 286 da cewa mutum ya gusar da abu mai ɗaukuwa daga hannun wani, ba da yardarsa ba, da nufin rashin gaskiya. Sashe na 287 ya yanka ɗauri har shekara 5, ko tara, ko duka biyu. A lura, magana a kan abin da ke hannun mutum a ka yi, ba a tambayi ko hukumar wurin ta yarda ya riƙe shi ba. A Ingila an kai wannan magana har ƙarshenta a shekarar 2011. Wasu mutane su ka ƙwace wa wani hodar hirowin, su ka ce ai abin da doka ta haramta riƙewa ba ya satuwa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi jin wannan hujja, ta tabbatar musu da laifinsu. Da ta yarda da su, da ta buɗe ƙofar da masu laifi za su riƙa far wa juna ba mai tsawatawa. A nan dokar Turawa da fiƙihu sun ɗan rabu, gama fiƙihu ba ya kiran abin maye dukiya ga Musulmi; amma ko ɗayansu bai ba ɓarawon lada ba.

Wannan tsoro da alƙalan Ingila su ka ji shi ne ainihin abin da ya shafe mu. Yaron da ke satar haramtaccen kaya ya san abin da ya ke yi sarai. Ya zaɓi wanda ba shi da bakin kai ƙara, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Galibi kuwa babba ne ke yi wa ƙarami, wani lokaci ma ba a ɓoye ba, sai ya ce, “Kawo, ko in kai ka wurin Malam.” Ƙaramin ya haɗiye, ya jira shekarar da shi ma zai zama babba ya rama a kan wani. Idan malami ya ji labari, ya zane mai wayar, ya sallami ɓarawon da cewa ai ya taimaka an gano laifi, to ya koya wa ɗakin nan duka cewa akwai mutanen da cutarsu halal ce. Wannan darasi ya fi wayoyi goma illa, kuma yaro ya kan fita da shi har kasuwa da ofis.

Abin da mu ke gani shi ne a raba shari'ar biyu, a fara da babbar. Sata laifi ce ga Allah da hukumar ƙasa da makaranta. Shigo da waya laifi ne ga makaranta kaɗai. Mai wayar a yi masa horon da doka ta tanada, amma a sassauta idan da bakinsa ya kawo ƙara, don na baya su ga cewa faɗin gaskiya bai fi shiru tsada ba. Mai cewa ya ɗauka ne don ya kai wa malami, a tambaye shi yaushe ya ɗauka, yaushe ya kawo. In kwana uku ta yi a aljihunsa, ya amsa da kansa.

Sauran magana a kanmu ta ke. Malami yana da ikon karɓe abin da a ka hana, gama uban da ya kawo ɗansa ya yarda da dokokin makaranta. Amma abin da ya karɓa ajiya ce a hannunsa. A fiƙihu mai riƙon ajiya ba ya biya in ta ɓata ba da sakacinsa ba, amma in ya yi amfani da ita ta lalace, ko ya yi sakaci, biya ya kama shi. Final Kod ma ta ware laifin cin amana a sashe na 311. Malamin da ya sa wayar yaro a aljihu ya tafi da ita gida, ko ya farfasa ta a gaban taro ba da yardar uban ba, ya shiga hurumin da ba nasa ba. Ya fi kyau a rubuta sunan yaro da irin abin da ranar karɓa a cikin littafi, a kulle a ofis, a miƙa wa uban hannu da hannu ranar hutu. Taba da kayan maye su ba a mayar wa yaro. Shugaban makaranta shi zai san inda zai kai su.

Yaron da ya lallaɓa ofis ya ɗauke abinsa da a ka karɓe fa? A fiƙihu mutum ba ya zama ɓarawon haddi a kan abin da ya mallaka. Dokar Turawa kuwa tana iya kama shi: a 1971 wata kotu a Ingila ta tabbatar wa wani mutum laifin satar motarsa ta kansa, don ya ɗauke ta daga wurin bakaniken da ya gyara ta a ɓoye, bai biya ba. Mu dai a makaranta ba mu ga dalilin sa wa irin wannan yaro sunan ɓarawo a gaban 'yan'uwansa ba. A hore shi a kan shiga ofis ba izini, a mai da abin cikin kabad, a rubuta wa ubansa takarda ya zo ya karɓa.