Gwiwar da Ta Ƙage: Abin da Aikin Sauya Gaɓa Ke Iya Gyarawa

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku, wato ƙashin cinya, da ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. Guringuntsi mai santsi ne ke lulluɓe bakunansu domin kada su goge juna. Idan guringuntsin ya cinye, saboda tsufa, ko ƙiba, ko tsohon rauni, ko yawan ɗaukar kaya masu nauyi irin na leburorin Zawaciki da na masana'antun Sharada, Challawa da Bompai, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Wannan shi ne amosanin gaɓa.

Yadda gwiwa ke ƙagewa

Mai wannan ciwo yakan ji sauƙi in ya ɗan lanƙwashe ƙafa, har ya riƙa tura matashi ƙarƙashin gwiwa in zai kwanta. Yau da gobe sai tantanin bayan gaɓar da jijiyoyin bayan cinya su gajarce, ƙashi kuma ya yi tsiro a gefe. Daga nan ƙafa ba ta ƙara miƙewa sosai, ba ta kuma lanƙwasuwa yadda ya kamata.

Yadda ake aikin

Gwiwar ƙarfe da roba irin wadda ake amfani da ita a yau ta samo asali daga wadda Dokta John Insall da abokan aikinsa suka fara dasawa a birnin New York na Amurka a 1974. A Kano ana yin wannan tiyata a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959. Likita yakan yanke bakunan ƙashin da suka lalace, ya ɗora musu ƙarfe, ya sa roba mai ƙarfi a tsakani. In gwiwar ta ƙage, sai ya kankare tsiron ƙashi, ya sassauta tantanin baya, wani lokaci ya ƙara rage ƙashin cinya. Akwai haɗari, domin miƙe ƙafar da ta daɗe a lanƙwashe na iya ja wa jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa rauni.

Sakamako

Da digiri ake auna lanƙwasar gwiwa. Tafiya na buƙatar kimanin digiri 65, tashi daga kujera kuwa kimanin 95. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin sukan sami digiri 110 zuwa 120. Amma tsugunno da zaman tahiya suna buƙatar fiye da 130, saboda haka da yawa sukan ci gaba da salla a kan kujera.

Masu ƙagaggiyar gwiwa sukan sami sauƙin ciwo da ƙarin motsi mai yawa, sai dai ba safai suke kamo waɗanda suka je da gwiwa mai motsi ba. Babban abin da ke nuna yadda gwiwa za ta motsa bayan aiki shi ne yadda take motsi kafin aiki. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin kashi 82 cikin ɗari na irin waɗannan gwiwoyi sukan kai shekara 25 ba a sake su ba.

Darasin a fili yake: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai ciwon gwiwa ya je asibiti tun ƙafa na miƙewa. Bayan aiki kuma ya lizimci atisayen da ma'aikatan sashen gashi suka koya masa, ya sa matashi ƙarƙashin diddige, ba ƙarƙashin gwiwa ba, don kada ta sake ƙagewa.