Shawarwari Bakwai Ga Mai Shirya Waƙa A Gida

Waƙa ba ta sallama kafin ta shigo. Takan faɗo wa mutum yana cikin adaidaita sahu ko yana kan tabarma. An san Alhaji Mamman Shata da tsara waƙa nan take a gaban jama'a, amma wannan baiwa ba kowa Allah ya ba ba. Mafi yawanmu, karin da ya zo da hantsi kafin azahar ya gudu. Tsari ne ke riƙe shi.

1. Kama kari tun da zafinsa. Da ya zo, ɗauke shi a waya ko da gunguni ne, kana tafawa, don gudun kiɗan ma ya shiga.

2. Ware littafi guda. Kowace waƙa da shafinta: amshi a sama, baitoci a ƙasa, kalmomin amsa-amo a gefe. Sannan ka rera da ƙarfi kana sauraron kanka, domin Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere. Idan kari ya ja wasalin farko na garin da ake zama, sai ya koma garin tuwo. Sauya kalmar ko ka gyara karin, kada ka karya harshen.

3. Raɗa wa kowace ɗauka suna. Sa sunan waƙa da kwanan wata da lamba. Ka raba aikinka gida uku: ɗanye, wanda ake kai, da kammalalle.

4. Gyara ɗaki, ka zaɓi lokaci. Bango tsirara yana maido da murya. Jingina katifa, rataya bargo, saki labule, kashe fanka. Yi shawara da mutanen gida kan sa'ar da yara suka tafi makaranta, janareton maƙwabta kuma ya yi shiru. Ka kiyaye lokutan salla da barcin jama'a.

5. Ɗauki abu ɗaya bayan ɗaya. Kiɗa tukuna, sai muryarka, sai 'yan amshi, kowanne a layinsa, don kuskuren ɗaya kada ya ɓata saura. Audacity kyauta ce a kwamfuta, BandLab kuma tana aiki a waya. Bar tazarar taƙi guda tsakanin bakinka da makirufo, ka ɗaura siririyar safa a zoben ƙarfe ta tare iskar baki. Idan ma'aunin sauti ya taɓa ja, rage, domin muryar da ta fashe da wuya ta gyaru.

6. Adana a wuri biyu. Wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, don haka ka riƙa adanawa bayan kowace ɗauka. Ajiye uwar waƙar a tsarin WAV, kwafi guda a filash, guda a intanet. MP3 na rabawa ne, saboda an matse shi.

7. Bar waƙar ta kwana. Kunnen da ya yini yana ji ya gaji. Washegari saurare ta a ƙaramar waya da cikin mota, inda jama'a za su ji ta. Kafin ka sake ta, ku rubuta yarjejeniya da makaɗi da 'yan amshi kan haƙƙin kowa, don zumunci ya ɗore.

Yau da dare, buɗe wayarka ka nemo tsofaffin gungunin da ka manta, ka raɗa wa kowanne suna. Wataƙila waƙarka ta gaba tana cikinsu tana jiranka.